Kwamfutar shago ta ƙi tashi, an ce sai fomat: ina mafita?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da cike fom ta intanet a wajen Ƙofar Nasarawa. Ranar Litinin aka ɗauke wuta laftof ɗina HP tana tsakiyar sabunta Windows, batirinta kuma dama ya daɗe da mutuwa. Da na sake kunna ta sai baƙin allo, tana rubuta Boot Device Not Found. Yaron da na kira ya ce babu magani sai fomat, alhali aikin mutane na shekara huɗu yana ciki. Na biyu, ina da tsofaffin kwamfutocin tebur guda biyu da nake son sayarwa in cika in sayi sabuwa, kuma cike suke da hotunan fasfo da takardun NIN na jama'a. Idan na yi musu fomat ya wadatar?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da wannan jarrabawa, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Tambayoyinka biyu ne amma tushensu ɗaya. A ta farko kana tsoron bayanai sun tafi, alhali mai yiwuwa suna nan daram. A ta biyu kana zaton fomat zai tafi da su, alhali ba ya tafiya da su. Saboda haka tun kafin mu yi nisa: kada ka bari a yi wa laftof ɗin nan fomat yanzu, kuma waɗanda za ka sayar, fomat ɗin da aka saba yi a kasuwa, wanda ake gamawa kafin ka ƙurɓi shayi, bai wadatar ba.

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a garin nan, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mini irin taka ba. "Sai fomat" ta zama ruwan dare a bakin yaran shago domin ita ce hanya mafi sauri: awa ɗaya an ɗora sabon Windows, kwamfuta ta tashi, an sallami mai kaya. Yawanci ba mugunta ba ce, iyakar abin da aka koya musu ke nan. Amma mai kayan ne ke komawa gida da asara, garin neman gira ya rasa ido.

Abin da ke faruwa idan ka danna maɓallin kunnawa

Ka ɗauki faifan ajiya, wato had-disk, kamar sito a Dawanau. Buhuna suna jibge a ciki, a bakin ƙofa kuma akwai littafin da ke nuna buhun wane yana wane lungu. Kwamfuta idan ka kunna ta ba ta san komai game da Windows ba tukuna. Abin da ke fara farkawa wata 'yar manhaja ce da ke zaune a jikin babban allon cikinta, a tsofaffi ana ce mata BIOS, a na zamani UEFI. Ita ke duba ƙwaƙwalwa da madannai da sauran kayan ciki, sannan ta je bakin ƙofar siton ta nemi wanda zai nuna mata inda Windows yake kwance.

A tsohon tsari, wanda ya fito tun 1983 tare da DOS na biyu, wannan jagora yana zaune a gurbin farko na faifan, girmansa bayit 512 ne kacal. Shi ake kira MBR. A bayit 446 na farko umarnin tadawa yake, 64 da ke biye su ne jadawalin yadda aka yanka faifan, gida huɗu kowanne bayit 16, sai biyun ƙarshe, 55 da AA, su ne hatimin da ke shaida wa BIOS cewa ana iya tashi daga wannan faifai. Dubi ƙanƙantarsa, bai kai saƙon tes huɗu ba. Amma idan ya taɓu, faifai mai giga 500 zai zama kamar fanko, alhali ko buhu ɗaya bai motsa daga inda yake ba. MBR ɗin ma ba shi ke ɗaga Windows da kansa ba. Yana miƙa wa wani ɗan rubutu da ke farkon ɓangaren da aka yi wa alamar tashi, shi kuma ya kira bootmgr, bootmgr ya karanta wani kundi mai suna BCD, daga nan Windows ya miƙe. Sarƙa ce, duk zoben da ya tsinke a ciki saƙon da za ka gani a allo daban ne.

Sabon tsari shi ne GPT, wanda ke tafiya da UEFI. An kawo shi ne saboda MBR ba ya iya ƙirga faifan da ya wuce tera 2, kuma manyan gidajensa huɗu ne kawai, alhali GPT a Windows yana ɗaukar 128, yana kuma ajiye kwafin jadawalinsa a can ƙarshen faifan don tsaro. A wannan tsari kayan tadawa suna cikin wani ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32, yawanci mega 100 ko 260, wanda ba ka ganinsa idan ka buɗe kwamfuta. Galibin kwamfutocin da suka fito daga kamfani tun zamanin Windows 8, wato daga 2012, a kan wannan tsari suke, Windows 11 kuwa UEFI yana cikin sharuɗɗansa. Sai dai a nan Kano shekarun kwamfuta ba su isa hujja ba. Na gwanjo da yawa kafin su iso hannunka an sauke abin da suka zo da shi an ɗora wani a tsohon tsari. Dole a duba, ba a yi zato ba. Na nanata wannan ne domin mutane da yawa suna kwafo umarnin gyaran MBR su buga a kan faifan GPT, su ga babu abin da ya canza, sai su yanke hukuncin cewa faifan ya mutu.

Kafin ka buga umarni ko ɗaya

Saƙon da ka gani, wanda a HP yakan zo da lambar 3F0 a ƙasansa, ma'anarsa kwamfutar ta nemi inda za ta tashi ba ta samu ba. Abu uku ke kawo shi: ko dai ba ta ganin faifan gaba ɗaya, ko tana ganinsa amma tana nemansa ta hanyar da ba ita ba, ko kuma kayan tadawar ne suka lalace. Na ukun ne kaɗai umarni ke gyarawa, don haka a fara kawar da biyun farko.

Cire duk filash da firinta da ke jikinta. Kunna ta kana danna Esc, sai ka danna F2 ka shiga gwajin kayan ciki ka zaɓi gwajin faifai. Ni kafin ma wannan abin da nake fara yi shi ne in kashe fanka, in ɗora kunnena a kan inda faifan yake in saurara. Lafiyayyen faifai za ka ji ya juya da wani ɗan sauti siriri, ya yi 'yar ƙwaraƙwaraf sau ɗaya ya daidaita. Wanda ya ji ciwo kuwa za ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere kamar agogon bango, ya tsaya, ya sake. Idan wannan ka ji, kashe ta nan take, kada ka sake kunnawa. Allurar da ke karatu ce ta kasa karanta farantin da bayanai ke kai tana ta kai da komo, kuma kowace kunnawa tana iya ƙara cin abin da ya rage.

Idan gwajin ya ce bai ga faifai ba kuma babu wannan ƙara, a buɗe bayanta a cire shi a mayar. Kwamfutar da ke yawo a jaka cikin adaidaita sahu, ga kuma ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, bakin faifan yakan yi sako-sako. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, gyaran ya ƙare a nan.

Idan an ga faifan, danna F10 ka shiga saitin BIOS ka fara duba kwanan wata. In ka ga ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin ne ya mutu, wanda yake kama da kwabo, CR2032. Tunda ka ce babban batirin ma ya mutu, ina kyautata zaton a nan matsalarka take, ko rabinta. Wuta na yankewa saitin zai koma na kamfani, sai kwamfutar da aka ɗora wa Windows a tsohon tsari ta koma neman UEFI. Nemi inda aka rubuta Legacy Support, idan a kashe yake kunna shi, idan a kunne yake gwada kashewa, ka adana ka sake kunna ta. Wannan ba ya taɓa komai a cikin faifan. Haka ma saitin SATA, wato yadda kwamfuta ke magana da faifan, idan ya sauya tsakanin AHCI da RAID, Windows zai fara tashi sai ya faɗi da shuɗin allo.

To, ko da wannan bai yi ba, ba gyara ne na gaba ba. Kwashe kaya ne. Wannan ita ce ƙa'idar da ba na saɓawa ko mai kaya yana tsaye a kaina yana sauri. Cire faifan ka sa shi a 'yar akwatin nan mai igiyar USB da ake sayarwa a Beirut Road ko Farm Centre, ka jona a wata kwamfutar, ka kwafe aikin mutane zuwa wani faifan daban. Fara da abin da ya fi muhimmanci, ba da finafinai ba. Idan ba ka son buɗe ta, ana iya tada ta da filash mai ɗauke da Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kwashe ta nan. Yana jone ɗin, buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce kyauta da ke karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa ya kusa tafiya. Idan ba shuɗi ba ne, kada ka gudanar da chkdsk /r, umarnin Windows na duba faifai, a kansa, domin zai tilasta masa karanta kowane lungu, faifan da ke numfashi sama-sama kuma ba zai jure ba. Irin wannan ana ɗaukar hotonsa ne gaba ɗaya zuwa sabon faifai da manhajar ddrescue, a yi aiki a kan kwafin.

Abu biyu za su iya tare ka a nan. Na farko, Windows ya ce sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi. Danna Cancel. Wannan yana nufin littafin bakin ƙofa ne ya yage, kuma TestDisk, wadda Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ce, tana iya gano ɓangarorin da suka ɓata ta mayar da su, tunda NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, yana ajiye kwafin rubutun farkonsa a ƙarshen ɓangaren. Na biyu, a tambaye ka mabuɗin BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi. Lambobi 48 ne, kuma yawanci suna ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi. In babu su, babu wani mai gyara, a Kano ko a ko'ina, da zai buɗe maka faifan. Kowa ya je ya duba nasa yau, tun kwamfutarsa tana lafiya.

Gyaran kansa

Ka nemi filash mai aƙalla giga 8 ka ɗora masa Windows irin wanda ke kan laftof ɗin, da manhajar Microsoft ta haɗa filash ko da Rufus. Kunna laftof ɗin kana danna F9 ka zaɓi filash ɗin. Masu Dell da Lenovo F12 ne nasu. Bayan ka wuce allon zaɓen harshe, kada ka danna Install. A ƙasa ta hagu akwai Repair your computer, shiga nan ka fara gwada Startup Repair. Mutane suna raina shi, amma yana warware da yawa. Tunda kuma ana cikin sabuntawa wuta ta yanke, akwai Uninstall Updates da System Restore a wurin, su ma a gwada.

Idan duk ba su yi ba, buɗe Command Prompt, baƙin allon da ake rubuta umarni. Rubuta diskpart, sannan list disk. Dubi layin faifanka, idan akwai tauraro a ƙarƙashin Gpt to sabon tsari ne, in babu tsoho ne. Sannan rubuta list vol ka lura da harafin da Windows ɗinka yake, domin a wannan allo ba lallai ya zama C ba, sau da yawa D ne ko E. Girman ɓangaren ne zai nuna maka.

In tsohon tsari ne, fita da exit ka buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya: bootrec /fixmbr, sai bootrec /fixboot, sai bootrec /rebuildbcd. Na farko yana sabunta umarnin tadawa na gurbin farko ba tare da ya taɓa jadawalin ba, shi ya sa ba ya cin fayil ɗin kowa, shi ya sa kuma ba ya dawo da ɓangaren da ya ɓata. Na biyu yana gyara zobe na gaba. Na uku yana zagaya faifan ya nemo Windows, ya tambaye ka ko ya saka shi a kundin, ka amsa da Y. A Windows 10 na biyun yakan ce Access is denied. Kada hankalinka ya tashi, bootsect /nt60 sys yana yin aikin.

In GPT ne, manta da bootrec /fixmbr, ba ta nan kwamfutar ke bi ba. Kana cikin diskpart, nemo ƙaramin ɓangaren FAT32 ɗin nan, ka zaɓe shi da select vol tare da lambarsa, ka ba shi harafi da assign letter=S, ka fita. Sai ka rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI, ka canza C da harafin da ka gani ɗazu. Wannan yana kwafo sababbin kayan tadawa daga cikin Windows ɗinka ya zuba a wurinsu. Cire filash, sake kunnawa.

Idan bayan duk wannan ta ƙi, ko ta tashi tana faɗuwa, to sabuntawar da ta katse ta lalata jikin Windows ɗin sosai. A nan ne maganar yaron ta zama daidai. A ɗora sabo, tunda kaya suna hannu. Kuma ka sayi batiri, Malam. Laftof mara batiri a shagon da wuta ke zuwa tana tafiya, abin da ya faru ranar Litinin zai sake faruwa.

Kwamfutocin da za ka sayar

Na ji daɗi da ka yi wannan tambaya, domin da yawa ba sa yi. Idan ka goge fayil, ka kuma zubar da kwandon shara, abin da ya faru kawai shi ne an soke sunansa daga littafin sito, an rubuta cewa lungun ba kowa. Buhun yana nan har ranar da aka kawo wani aka ɗora a wurin. Fomat mai sauri kuma sabon littafi ne aka kawo fari fat, siton yana cike. Wanda ke ɗora Windows yana yi wa ɓangare fomat a allon sakawa, shi ma mai saurin ne.

Akwai ranar da na sayi tsohon faifai a kasuwa don in sa wa wani abokin ciniki. Mai sayarwa ya ce an goge. Kafin in yi amfani da shi na gudanar da PhotoRec, manhajar da ke tono fayilolin da aka goge, a kansa kamar yadda na saba, ko la'asar ba a kira ba fayil sun fara zubowa: hotunan biki, matan gida a tsakar gidansu ba lulluɓi, takardar filin wani, hoton katin banki gaba da baya. Na tsayar da shi na goge. Har yau ina tuna fuskar wata dattijuwa da ta fito a ciki tana dariya, ba ta san hotonta ya bi kasuwa ba. Da hannun wani ya faɗa, Allah kaɗai ya san inda zai kai. Kuma ba a nan kaɗai ba ne. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayi tsofaffin faifai 158, suka fitar da sakamako a 2003: guda 12 ne kacal aka goge yadda ya kamata, kuma sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000.

Naka ya fi wannan nauyi. Mai shagon cike fom yana riƙe da NIN da BVN da ranar haihuwa da lambar waya da hoton mutum, duk a wuri ɗaya, wato duk abin da ɗan damfara ke buƙata. Amana ce mutane suka ba ka ba tare da sun ma san sun bayar ba. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta ɗora wa duk mai karɓar bayanan mutane alhakin tsare su, da kuma kada ya riƙe su fiye da buƙata.

Maganin shi ne a bi kowane gurbi na faifan a rubuta sifili a kansa. Da filash ɗin Windows ɗin nan da ka riga ka haɗa za ka yi. Tada kwamfutar da shi, danna Shift da F10 tare, rubuta diskpart, list disk, select disk da lambar faifan, sannan clean all. Kula da kalmar all. Clean shi kaɗai jadawalin kawai yake sharewa, cikin ƙiftawar ido, komai yana nan. Clean all ne ke bin faifan tun daga farko har ƙarshe.

A nan ka natsu sosai. Ina sabon shiga sana'ar nan na taɓa barin faifan ajiyar wani malamin makaranta a jone, lambobi suka sauya ban lura ba, na buga clean a kan nasa. Sakamakon jarrabawar ɗalibansa ne a ciki. Allah ya taimake ni ban sa all ba, TestDisk ta dawo da komai a daren, amma ban runtsa ba. Tun daga ranar, kafin in goge faifai sai na cire duk wani da ke jikin kwamfutar, na buga detail disk na karanta suna da girma a bayyane. Diskpart ba ya tambayar ka ko ka tabbata.

Ba ya kuma nuna maka inda ya kai. Za ka ga ɗan layi yana ƙyaftawa kawai, kada ka zaci ya maƙale. Faifai mai giga 500 yana cin kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, mai tera 1 wajen awa uku ko fiye, in kuma ta tsohuwar kafar USB ka jona shi zai ninka haka. Kwamfutar tebur ba ta da batiri, don haka ka zaɓi lokacin da janareto zai yi ta aiki ko ka kai inda ake da sola, in ya katse daga farko za ka sake. Idan kana son ganin ci gaban aikin da rahoto a ƙarshe, ShredOS yana yi. Shi ya gaji DBAN da muka saba da shi, wanda aka daina sabuntawa tun 2015 kuma ba ya tashi a kan UEFI.

Za ka ji wasu suna cewa sai an yi zagaye 3, ko 7, ko 35. Talatin da biyar ɗin daga takardar Peter Gutmann ta 1996 ta samo asali, kuma ya tsara ta ne don irin faifan wancan zamani, shi da kansa daga baya ya bayyana cewa na yanzu ba sa buƙatar haka. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a jagorarta mai lamba 800-88, ta nuna zagaye ɗaya ya isa ga faifai mai faranti na zamani. Zagaye 35 a kan giga 500 ya haura kwana biyu cur, man janareto ne kawai za ka ƙona. Ni ɗaya nake yi, sannan in gwada. Gwajin ne mutane ke tsallakewa: gudanar da PhotoRec a kan faifan, in bai tsinci komai ba aiki ya yi. Daga nan ka ɗora sabon Windows ka miƙa wa mai saye.

Idan SSD ne

Tsofaffin kwamfutocin tebur galibi mai faranti ne a ciki, amma ka buɗe ka duba, wataƙila an taɓa canzawa. SSD, sabon nau'in faifan ajiya, ba ya juyawa, ba shi da nauyi, wani ma siririn allo ne kamar tsawon yatsa. Shi dabararsa daban ce. Don kada wani sashe ya riga wani tsufa, yana rarraba rubutu yadda ya ga dama, yana kuma da wani wuri na ajiya da Windows ba ya iya kaiwa gare shi. Sai ka ce a rubuta sifili a gurbi kaza, shi kuma ya rubuta a wani wurin ya bar tsohon. Saboda haka shi ake umarta ya goge kansa. Kwamfutocin ofis da yawa suna da wannan a cikin BIOS: a HP Secure Erase, a Dell Data Wipe, a Lenovo Secure Wipe. Masu ƙera SSD ma suna da manhajarsu, kamar Samsung Magician. Yawanci 'yan mintuna ne.

In babu ko ɗaya daga ciki, abin da nake yi shi ne in kunna BitLocker in zaɓi ya kulle faifan gaba ɗaya, ba inda aka yi amfani da shi kawai ba, in jira ya gama, sannan in yi clean all in ɗora sabo, in kuma goge mabuɗin daga duk inda aka ajiye shi. Akwai kuma Reset this PC tare da zaɓin Clean data a cikin Windows, ya fi fomat nesa ba kusa ba, kuma ya isa ga kwamfutar gida. Ga ta shago mai bayanan ɗaruruwan mutane na fi natsuwa da hanyar BIOS.

Faifan da ba ya goguwa

Wanda ya mutu, ko wanda gogewa ke tsayawa a tsakiya saboda rauni, ba a sayar da shi. Kada kuma ka miƙa wa 'yan gwangwan a yadda yake, tunda daga hannunsu wani yakan koma kasuwa. Maganaɗisun sifika ba ya yi masa komai, jefa shi a ruwa ma haka. Huda shi za ka yi da na'urar huda ƙarfe wuri uku ko huɗu ta kan farantin, ko ka kwance shi ka lanƙwasa farantin da guduma. Na laftof sau da yawa farantinsa gilashi ne, yana tarwatsewa, don haka naɗe shi a tsumma ka kare idonka. SSD kuma kowane baƙin guntu da ke jikin allon sai an fasa shi. Tunda shagon takardu gare ka, ka sani manyan injinan fotokwafi da yawa su ma suna da faifai a ciki mai riƙe abin da aka ɗauka, ranar sayar da naka ka tuna da shi.

Duk abin da na faɗa a kan laftof ɗin daga bayaninka na gina shi, ban gan ta ba ban saurare ta ba. Idan ƙas-ƙas ɗin nan ka ji, aikin ya fi ƙarfin shagona, domin buɗe faifai sai a ɗaki na musamman mara ƙura, ni kuma ba ni da shi. Kada ka yarda wani ya kwance shi a kan teburi, kada kuma a sa maka shi a firji. Ajiye shi a inuwa cikin leda har ka yanke shawara ko abin da ke ciki ya kai a biya kuɗin masu wannan aiki. In kuma shiru ne lafiya, bi matakan a jere, duk inda ka tsaya ɗauki hoton allon, musamman abin da list disk da list vol suka nuna da kwanan watan da ke cikin BIOS, ka turo mini mu ɗora daga nan.